Gidanmu, bashin Yaya

Hutun bara na sauka Maraɗi daga Yamai, na tarar da baƙi biyu zaune a zaurenmu. Na gaishe su, sunka amsa sama-sama. Da na shiga ciki Inna ta ja ni ɗaki ta ce, "Masu bin yayanki ne. Yau kwana ukku kenan suna zowa."

Baba ya rasu a 2021, ya bar mana gida a Bagalam: ɗaki huɗu, zaure, da shago mai kallon hanya. Malam ya yi lissafin gado. Inna tana da tumuni, saura a kasa huɗu, Yaya kashi biyu, ni da ƙanwata ɗaya-ɗaya. Amma a baki kawai anka raba. Wa zai gitta katanga tsakanin ɗakin uwarsa da madafa? Takardar gida ma har yau da sunan Baba take, a ƙasan akwatin Inna.

Yaya ba mashiririci ba ne. Wake da aya yake saye ya bi ta Ɗan Isa da Jibiya ya kai Dawanau. A 2023 ya ɗauki kaya bashi wajen wani Alhaji, sai ga juyin mulkin 26 ga Yuli, anka rufe iyaka. Wake ya zauna har ƙwari sunka cinye shi. Abin da ya samu ya tsallakar ta ɓarauniyar hanya, naira anka biya shi, ita kuwa naira tana ta faɗuwa gaban sefa. Da ƙura ta lafa, miliyan 3 da rabi ke kansa.

Ni da nake karatun harshe, abin da ya fara zo mini shi ne yadda muke faɗin abin. Muna cewa mutum ya ci bashi, shi kuwa mai kuɗi yana bin shi. Mai ci shi kaɗai ya ci. Amma mai bi sai ya bi shi har inda yake kwana, kuma inda Yaya ke kwana nan Inna ke kwana. Haka "gidanmu": wannan ɗan "mu" bai faɗin rabon kowa, bai kuma ware mai bashi daga marar bashi.

Daren nan Yaya ya same ni a tsakar gida. "Ƙanwata, Alhaji ya ce in anka ba shi takardar gida jingina, zai ɗaga mini shekara guda. Hannunki kawai nika so."

"Yaya, in shekarar ta cika ba ka samu ba fa?"

"Allah na nan."

"Na sani. Amma Inna ina za ta?"

Bai amsa ba. Shi ne ya biya mini kuɗin mota shekarata ta farko a jami'a, shi ya saya mini wayar da nake karatu da ita. Ƙin sa hannun ya yi mini nauyi kamar na zagi Baba.

Na kira wata ƙawata mai karatun shari'a. Ta ce a dokar OHADA, wadda Nijar ke ciki, mai bin bashi ba zai sayar da rabon mutum a gidan da ba a raba ba, amma yana iya tilasta a raba. Malam kuma ya tuna mini shufu'a: in abokin tarayya ya sayar da rabonsa ga bare, sauran suna da haƙƙin karɓewa a kan kuɗin da anka saya. Haƙƙi ne mai kyau ga mai kuɗi. Ni da burs ɗina ko haya bai cika biya ba, da mi zan karɓe?

Kawu ne ya raba gardama. Ya tara mu da Alhaji gaban mai unguwa. Anka shirya a ba da hayar shago jikka 25 a wata, kuɗin su tafi wajen Alhaji kai tsaye, Yaya ya sayar da babur ɗinsa ya rage, sauran ya riƙa biya duk kaka. Takarda ta zauna a akwati. Hayar shagon nan da rabona ciki, da na ƙanwata, da cefanen Inna. Mun yafe. In hayar kaɗai za ta biya, sai an fi shekara goma.

Da zan koma Yamai, Yaya bai raka ni tasha ba. Inna ta ce in yi haƙuri, bashi hanji ne, yana cikin kowa. Gaskiya ne. Sai dai tun daga nan, in na kira gida, ina fara tambaya ko an yi baƙi a zaure kafin in tambayi lafiyar kowa. Shekaranjiya Yaya ya karɓi wayar daga hannun Inna, ya ce, "Yaya karatu?" Na ce da godiya. Ya ce wake ya yi kyau bana.