Ƙidayar Barewar da Ido Bai Gani Ba

A tsibirin Prince of Wales da ke kudu maso gabashin Alaska, a Amurka, naman barewa mai baƙar wutsiya abinci ne ga gidaje masu yawa, har da na 'yan asalin yankin, wato Tlingit da Haida. Saboda haka sanin yawan bareyin da ke dajin Tongass magana ce ta tukunya, domin da shi ake tsara abin da mafarauci zai harba a shekara. Sai dai daji ne mai duhu da yawan ruwan sama. Daga jirgi ba a hango ƙasa, mai tafiya a ƙafa kuwa yakan wuni bai ga barewa ko ɗaya ba. Shekara da shekaru ma'aikatan kula da namun daji suna ƙirga tarin kashin da suka tarar a hanya, amma tari ɗari na iya zama na dabba goma, yana iya zama na talatin.

Daga 2006 zuwa 2008, Todd Brinkman na Jami'ar Alaska da ke Fairbanks da abokan aikinsa suka gwada wata dabara a kwaruruka uku na tsibirin. Yayin da kashi ke ratsa hanjin dabba, yana kwaso ƙwayoyin halitta daga bangon hanjin, a cikinsu kuma akwai DNA wanda ke bambanta kowace barewa da 'yar'uwarta. Sai suka riƙa bin turbar bareyi suna tsintar sabon kashi, suna kai shi ɗakin gwaji. Ba a ɗana tarko ba, ba a yi wa dabba allurar barci ba.

Lissafin kuwa tsoho ne. Frederick Lincoln ya yi amfani da irinsa a 1930 wajen ƙiyasta agwagin daji. A misali, in zagayen farko ya nuna bareyi 40, na biyu ya nuna 50, kuma 20 daga cikinsu an riga an san su, to zagayen farko ya kama kashi biyu cikin biyar ke nan, jimillar kuwa ta kai 100.

Dabarar tana da tarnaƙi. Ruwan sama na lalata DNA, kuskure ɗaya wajen karanta shi kuma na iya mayar da barewa ɗaya ta zama biyu a takarda, adadi ya kumbura, a ba mafarauta izinin da daji ba zai iya ɗauka ba. Shi ya sa ake maimaita gwajin kowane samfuri.

Sakamakon da aka wallafa a 2011 ya nuna bareyin sun ragu da kashi 30 cikin ɗari a shekaru uku, bayan hunturu uku masu tsanani a jere. Ya kuma nuna cewa a dajin da ba a taɓa sarewa ba akwai bareyi 12 a kowace murabba'in kilomita, a wanda aka sare ƙasa da shekara 30 akwai 10, a wanda ya haura shekara 30 kuwa 7 kacal. Dalili shi ne sabbin itatuwa na tasowa a cunkushe, su tare hasken rana, tsirran da barewa ke ci su mutu. Wato illar saran katako ba ta gama bayyana sai bayan shekara talatin, lokacin da 'ya'yan masaran ne ke fita farauta.