Angulun Gadabeji

Gadabeji na arewa ga Dakwaro, cikin jihar Maraɗi. Tun 1955 aka keɓe wannan daji don kare namun daji.

Mutumin da ya hita tahiyar ƙasa da sahe don motsa jini, yana hawan tudun rairayi yana gangarawa. In rana ta yi zahi, ya tsaya shan ruwa gindin aduwa, ya ɗaga kai, sai ya hangi angulu tana jewa. Ba ta kaɗa hiffike, iska mai zahi ke ɗaukar ta. Babbar, mai jan kai, buɗin hiffikenta ya wuce mita 2 da rabi. Bisa itace take sheƙa, ƙwai guda take yi a shekara.

Angulu ba ta jewar banza. Inda ta sauka, mushe ne. Tana cinye shi kahin ya ruɓe, cikinta kuma yana kashe ƙwayoyin cuta. Ita ce mai sharar daji.

Amma ta yi ƙaranci. Maharba na kashe ta don saida ma masu magani. Gubar da ake sa ma mushe don dila, ita ma tana kashe ta.

A Indiya, bayan 1990, wani maganin shanu ya kusa ƙarar da angulu. Mushe ya taru, karnuka suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru.

Ƴan uwa makiyaya da manoma, kada a sa guba ga mushe. Kada a sare itacen da ke da sheƙa.