Mangwaron Randa

A tsakar gidan hayar da muka tashi a Gawi akwai wata randa da ta daina riƙe ruwa. Ta tsage daga gindi, ruwa na tsiyaya dare da rana, har Inna ta haƙura ta jingine ta a bayan madafa. Da bazarar 2017, wata rana bayan mun sha mangwaron da aka sayo a kasuwar Dembe, sai muka ga ta tsince ƙwallo guda ta wanke, ta ajiye a inuwa. Baba yana kishingiɗe a tabarma ya ce, "Ke kuwa, wa ya taɓa dasa mangwaro a gidan haya?" Ta ce, "Malam, ai ba a ƙasar mai gida zan dasa ba, a randata zan dasa. Ran da muka tashi, mu tashi tare."

Duk Bahaushen da aka haifa a wannan ƙasa ya san abin da take nufi. Da yawanmu jikokin matafiya ne. Hanyar hajji ta ƙasa ta biyo ta Barno, ta haye kogi a Kusiri, ta ratsa Forlami, wadda aka sauya wa suna zuwa Njamena a 1973, ta nufi Abeshe da Darfur har bakin Bahar Maliya. Wasu sun biyo ta bayan yaƙin Burmi na 1903, wasu fatauci ne ya kawo su. Kakanmu ya baro Kano da niyyar Makka, guzuri ya ƙare masa a nan, ya zauna yana ɗinki don ya tara na gaba. Yana cikin tarawa aure ya zo, 'ya'ya suka zo, har ƙasa ta rufe masa ido bai wuce ba, bai kuma koma ba. Keken ɗinki ya bar mana, da wata magana guda: "In mun koma gida." Da ita Baba ya girma, da ita ya rene mu. Mutumin da kullum yake shirin tafiya alayyafo yake shukawa da yakuwa, abin da zai ci cikin wata biyu. Ba ya dasa itacen da sai an shekara biyar ko fiye kafin a ga 'ya'yansa.

Gawi kuwa garin masu saiwa ne. Tazararsa da Njamena kamar kilomita goma ce, amma ya girme ta nesa ba kusa ba. Kotokon da ke nan suna danganta kansu da mutanen Sao, kuma a tsohuwar fadar sarki, wadda ta zama gidan tarihi, akwai manyan tuluna na zamanin da. Har yau matan garin da hannu suke gina tukwane. Randar Inna ma ginin wata tsohuwa ce maƙwabciyarmu, wadda muke kira Iya. Da ta ji labari ta zo ta duba tsagar, ta huda gindin randar da ƙusa a hankali, ta jera tsingaro a kan hujin. Ta gargaɗe mu da Larabcin Chadi cewa kada mu cika ta da ƙasar Gawi zalla. Ƙasar nan yumɓu ce, ta tukunya. Da rani ta daskare ta tsattsage, da damina ta riƙe ruwa har saiwa ta ruɓe. Sai muka haɗa kashi biyu na yashi, kashi ɗaya na ruɓaɓɓen taki, kashi ɗaya na ƙasa. Daga baya muka gane wata fa'idar randa: gumin da take yi, wanda ke sanyaya ruwan sha, shi ne ke sanyaya saiwa a watan Afrilu, sa'ad da zafi ke wuce digiri 40, rabin durom ko baƙar roba su zama kamar tanda.

Ƙwallon mangwaro ba ya jiran ajiya kamar gero; in ya yi 'yan makonni a bushe, ya mutu. Kwana biyu kawai Inna ta ba shi ya sha iska, sannan ta tsaga ɓawon da wuƙa daga gefe, ta zaro ƙwayar ciki mai kama da ƙoda, ta binne ta zurfin gaɓa biyu na yatsa, doronta yana sama. A mako na uku tsiro ya fito, kuma uku ne suka fito tare, ganyensu jajaye, suna lanƙwashe kamar marasa lafiya. Muka tsorata. Wani mai lambu ɗan kudu, wanda ke rainon dashe a bakin Shari, shi ya kwantar mana da hankali. Ya ce haka sabon ganye yake kafin ya yi kore ya yi ƙwari. Ya kuma bayyana mana cewa ƙwallo iri biyu ne. Na ƙaramin mangwaron gargajiya mai zare yakan ba da tsiro da yawa, kuma galibinsu kamar uwarsu suke fitowa. Na manyan nan marasa zare, irin su Kent da Keitt da asalinsu Filorida ce ta Amurka, tsiro ɗaya yake bayarwa, kuma ba ya gadon uwarsa. Kana iya jiran shekara bakwai ka sami abu mai tsami. Shi ya sa mai son zaƙi tabbatacce sai ya yi wa itacensa aure: a bar gindin gargajiya, wanda ya san zafin ƙasar nan da ƙishinta, a ɗora masa reshen itacen da aka riga aka ɗanɗana.

Muka bar tsiro mafi ƙarfi, muka cire biyun. Da ya shekara, kaurinsa ya kai na ƙaramin yatsa, sai ga Gwaggo ta zo biki daga Kano a farkon damina. Inna ta riga ta aika mata saƙo, don haka cikin kayanta akwai 'yan rassan Binta siga guda huɗu, an tsige ganyensu, an naɗe su a jiƙaƙƙen tsumma. Mai lambu ya datse kan dashenmu, ya tsaga shi tsawon gaɓar yatsa biyu, ya fere gindin reshen Kano kamar bakin gatari, ya zura shi yadda ɓawo ya haɗu da ɓawo, ya ɗaure da leda tamau. Bayan mako uku ido ya fashe a jikin reshen. Ranar Baba ya daɗe tsaye a kan randar, bai ce komai ba.

Rainon itace a randa sai da kula, don ba shi da inda zai nemi abinci sai abin da ka ba shi. Da bazara kullum da yamma muke ba shi ruwa, da hunturu sai ƙasar ta bushe a yatsa. Da ya kai ƙugu muka tsinke kansa don ya yi rassa maimakon ya yi tsawo. Duk reshen da ya fito ƙasa da wurin auren muna cire shi, domin in aka bar shi gindin gargajiya zai rinjayi baƙon. Ɗanyen taki sau ɗaya muka gwada, ya ƙone bakin ganye, ba mu sake ba. Furen farko ma cire shi muka yi, muna jin ciwo, saboda itacen bai yi ƙarfin ɗaukar 'ya'ya ba. Mun koyi rage ruwa bayan kaka, don ƙishi da sanyin hunturu su ne ke sa mangwaro fure. A bazarar 2021 ya ba mu 'ya'ya bakwai. Na farko Iya muka kai wa. Na biyu Baba ya sha, ya ce bai taɓa zuwa Kano ya daɗe ba, amma haka mahaifinsa ke kwatanta zaƙin mangwaron gida.

A daminar 2022, wadda ta shanye unguwanni da dama a Njamena, ruwa ya kwanta a tsakar gidanmu kwana da kwanaki. Mu huɗu muka ciccibi randar muka ɗora ta a kan bulo. Dashen wani maƙwabcinmu da ke ƙasa ya ruɓe, namu ya tsira. Baba ya ce, "Kun gani? Abin da ake iya ɗauka shi ne abin baƙo." Muka yarda da shi a lokacin.

Amma shekara guda bayan nan itacen ya fara ramewa. Ganye ya ƙanƙance, fure ya zube, ruwa in an zuba sai ya wuce kai tsaye. Da muka leƙa ƙarƙashi, saiwa ta fito ta hujin Iya tana laluben ƙasa. Mangwaro itace ne mai doguwar saiwa wadda ke nutsawa neman ruwa, a randa kuwa sai ta yi ta kewaya kanta. Mai lambu ya ce hanya biyu ce. Ko dai duk shekara biyu a fito da shi a datse saiwa da rassa, a sabunta ƙasa, ya zauna wada yana ba da 'ya'ya goma ko ashirin, ko kuwa a ba shi ƙasa.

Nan gardama ta tashi, don kowa ya san ƙasar da ake nufi. Baba yana da ɗan fili a bayan gari, wanda ya saya tun muna yara, bai taɓa aza bulo ɗaya a kai ba. Ajiya ce, in an tashi komawa a sayar a yi kuɗin mota. Dasa mangwaron Inna a can yana nufin ba za a sayar ba. Ya ce, "Baƙo raɓa, ɗan gari kaba." Yayarmu ta durƙusa ta ce, "Baba, a gafarce ni. An haife ka a nan, an haife mu a nan, kabarin mahaifinka yana nan. Wace irin raɓa ce take shekara saba'in rana ba ta shanye ta ba?" Ƙaninmu da ke karatun aikin gona ya ƙara da cewa shi kansa mangwaro baƙo ne, daga Indiya da Bama ya fito, bai bazu a Afirka ta Yamma ba sai ƙarni na 19. Haka ma dogon yaron da ke inuwantar da titunan Njamena, daga Indiya yake. Yau wa ke tambayar su takarda? Baba ya ce yara sun yi baki, ya tashi ya shiga ɗaki.

Mu dai ba mu ga laifinsa ba. Tsoronsa na gaske ne. Ya ga yaƙin 1979 da na 1980 sun watsa mutanen birnin nan zuwa Kusiri da abin da kai zai iya ɗauka, ya kuma ga na Fabrairun 2008. Ya ga yaran Hausawa da suka tashi ba sa iya gaida kakanninsu da Hausa, sai Larabci da Faransanci. A ganinsa, ranar da muka daina cewa za mu koma, ranar muka fara ɓacewa. Inna ce ta warware masa, da dare, muna jiyo su. Ta ce, "Malam, shekara shida ke nan reshen Kano yana kan gindin ƙasar nan. Ka taɓa jin zaƙinsa ya sauya?"

A farkon Yulin 2024, bayan ruwa ya jiƙa ƙasa, muka ɗora randar a amalanke. Mun haƙa rami mai faɗi, muka gauraya yumɓun da yashi da taki, muka tada tudu don kada ruwa ya kwanta a gindi, nesa da inda katanga za ta bi. Saiwar ta cika randar, ba yadda za a zaro ta sai an fasa. Muka nemi izinin Iya, ta yi dariya ta ce tukunya daga ƙasa ta fito. Baba ne ya karɓi taɓarya ya fara bugawa. Muka warware saiwar da ta naɗe, muka rage rassa, muka kula wurin auren ya tsaya sama da ƙasa, muka zuba toka saboda gara, muka kewaye da ƙaya saboda awaki. Tsingaron randar muka jera a gindinsa don ya tsare laima. Wata biyu yana tsaye kamar mai fushi, sannan jajayen ganye suka ɓarke a kowane reshe.

Har yanzu a gidan haya muke, ɗaki ɗaya kawai ya tashi a filin. Amma kwanan baya da la'asar Baba ya ɗauki buta da sandarsa, Inna ta tambaye shi ina zuwa. Ya ce, "Zan leƙa gida in ga mangwaro." Muka dubi juna, babu wanda ya yi magana.

'Yan uwa da ke haya a Gawi, da Dembe, da Farsha, kada rashin fili ya hana ku. Bazara na zuwa, motocin kudu za su cika kasuwa da mangwaro. Ku tsinci ƙwallo, ku nemi tsagaggiyar randa, ku fara. Zai yi muku shekara biyar ko shida a ciki lafiya lau. Bayan nan shi da kansa zai tambaye ku inda za ku zauna. Allah Ya ba mu inuwar da jikokinmu za su sha.