Mahadin Dune da tambayar da ƙanena ya yi mini a fada



Daren Asabar da ta wuce muna zaune a fada nan Damagaram, shayi na biyu na kan gawayi, sai ƙanena ya jingina salularsa da tulu ya kunna mana kashi na biyu na fim ɗin Dune, wanda ya fito a 2024. Da aka zo inda Paul Atreides ya miƙe gaban dubban mutanen hamada suna kiransa Mahadi, fada ta kaure da shewa. Wani ya ce, "Wallahi irin wannan namijin muke nema." Ƙanena ya ga ni kaɗai ban tafa ba, ya ce, "Yaya, kai bai burge ka ba ne?" Ban ba shi amsa a daren ba, shi ya sa nake rubuta ta nan.

Ni littafin na fara karantawa, da Faransanci, lokacin ina ɗalibi a Yamai. Wajen masu baza tsofaffin littattafai a ƙasa na saye shi. Marubucinsa Frank Herbert ɗan jarida ne Ba'amurke, an haife shi a 1920, ya rasu a 1986. A 1957 ya je Florence ta jihar Oregon don ya yi rahoto kan yadda ake dasa ciyawa a tsayar da tuddan rairayi masu tafiya, irin aikin da muka sani a wajen Gure da Maine Sorowa. Rahoton bai fito ba, amma daga nan tunanin Dune ya tsiro, littafin ya fito a 1965.

Labarin na wata duniya ce mai suna Arrakis, rairayi zalla, ruwa ya yi tsadar da ko gawa sai an tatse ruwan jikinta an mayar wa dangi. A ƙarƙashin rairayin akwai wani sinadari da duk daular ta dogara da shi, manyan gidaje na nesa suna kashe juna a kansa, masu ƙasar kuwa, Fremen, ba wanda ke tambayarsu. Ɗan Nijar ba ya buƙatar a yi masa fassara. Tun 1971 ake haƙo uraniyom a Arlit, mun kuma san gidaje nawa ke kwana da fitilar hannu.

Abin da ya fara damuna shi ne addini. Na ga Mahadi, na ga jihadi, na ga Lisan al-Gaib, na ce anya mutumin nan ba izgili yake mana ba? Herbert ba Musulmi ba ne, a gidan Katolika ya tashi, daga baya ya karkata ga addinin Buda na Zen, kalmominmu kuma aro ya yi. Maganar Mahadi ta hadisi na bar wa malamai. Amma da na natsu na gane inda ya nufa. A labarin akwai ƙungiyar mata, Bene Gesserit, da ta tura mutanenta tun ɗaruruwan shekaru suka shuka wa Fremen labarin wani mai ceto da zai zo daga waje, don ranar da wani nasu zai shiga uku ya samu mafaka. Paul ya san haka sarai. Ya sa rigar da aka ɗinka tun kafin a haife shi, ta kuma yi masa daidai.

Ban raina Fremen ba. Wanda aka danne dole ya ɗaga kai yana jiran mai ceto. Kakanninmu sun yi, a Kobkitanda da Satiru cikin 1905 da 1906, kuma Turawa sun murƙushe su da bindiga. Tambayar Herbert ita ce: to in mai ceton ya yi nasara fa?

Amsar na cikin littafi na biyu, Dune Messiah na 1969, inda fim ɗin bai kai ba. Yaƙin da aka yi da sunan Paul ya ci rai biliyan 61. Shi kansa ya hango haka tun farko, ya kasa tsayar da shi, don mutane sun riga sun miƙa masa hankalinsu. A ƙarshe ya makance, ya shiga hamada shi kaɗai. Kuma Paul ba mugu ba ne, yaro ne mai adalci da aka kashe wa uba. Nan ne abin tsoron yake.

Akwai wani mutum a littafin da fada ba za ta taɓa yi wa shewa ba, Liet-Kynes. Shi da ubansa sun koya wa Fremen tara raɓa, ɓoye ruwa a kogo, dasa ciyawa a bayan tuddai, aikin da sai jikokin jikoki za su ga amfaninsa. Wannan suka ajiye suka bi jarumi.

Ƙanena, ga amsarka. In ka bi hanyar Matamai ko Magarya, dubi gawon da ya cika gonaki. Tun shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram suka riƙa barin tohon itace suna gyara shi, sassaben zamani kenan, har itatuwa miliyoyi suka dawo. Ba Mahadin da ya zo ya yi mana shi. Babanmu na cikinsu, da gatarinsa, ba wanda ya tafa masa.

Asabar mai zuwa zan kawo maka littafin, ka karanta mu yi gardama. Sukari kuma naka ne wannan karon.