Ku Ƙwanƙwasa Ƙofar da Kanku



Da wuya wata ya wuce ba wani daga zumuntar matasa ya zo neman takardar shaida daga wurinmu ba, wai zai nemi karatu a ƙasar waje. Da farin ciki muke rubutawa. Amma kafin mu sa hannu mukan tambaya: wace jami'a ce, kuma kai ka rubuta mata da kanka? Amsar da muka fi ji ita ce, "Baba, akwai wani ejan, shi ya san hanya."

Mun san abin da ya sa. Tun da aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero a 2006, yaranmu da yawa sun gama digiri a nan kusa da gida, ga kuma waɗanda suka fito daga kwalejin kiwon lafiya ta Jega. Suna son ƙarin karatu, amma ba wanda ya taɓa tafiya a danginsu, don haka duk wanda ya ce ya san hanya sai a miƙa masa wuya. Kuɗin kuwa daga gona yake fitowa. Mun san wani gida a wajen Maiyama da suka sayar da albasar shekara guda tun farashi bai tashi ba, suka haɗa da sa, don ejan ya ce gurbi zai rufe. Har yau fasfon yaron yana hannun mutumin, wayarsa kuma a kashe.

Ba mu ce duk ejan ɓarawo ne ba. Wasu jami'o'in Ingila suna da wakilai a Najeriya, sunayensu na nan a shafin jami'ar, kuma jami'ar ce ke biyansu lada. Amma gurbin ba a hannunsu yake ba. Ofishin ɗaukar ɗalibai ne ke yanke hukunci, kuma ƙofar wannan ofishi a buɗe take ga duk mai waya da data, ko a tashar Jega yake zaune.

Mai neman digiri na biyu a Ingila yawanci a shafin jami'ar kai tsaye yake cike fom; mai neman digirin farko ya bi ta UCAS. Za a nemi sakamakon karatunka, wanda ofishin magatakardar makarantarka zai fitar, da wasiƙun malamai biyu da suka san aikinka, da bayanin da za ka rubuta a kan kanka. Jami'o'i da dama a can suna karɓar kiredit ɗin Turanci na WAEC a madadin jarrabawar IELTS, amma sai ka tambaya. Adireshinsu yana ƙarewa da ac.uk. In “wasiƙar ɗauka” ta zo maka daga Gmail, ka yi tsaye. A Jamus yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin makaranta, sai ɗan abin da ake biya kowane zango, ko da yake jihar Baden-Württemberg tana cajin baƙi Yuro 1,500 a zango. Shafin DAAD yana jera kwasa-kwasan da ake koyarwa da Turanci, kuma da yawa suna rufe karɓar takardu ranar 15 ga Yuli. Ba wani asiri a cikin waɗannan. Karatu ne da haƙuri, da jure wa intanet ɗinmu mai zuwa tana tafiya.

Abin da ya fi damunmu a matsayin masu kiwo ba asarar kuɗi ba ne. Idan ka bar wani ya cike maka fom, ba ka san abin da ya rubuta da sunanka ba. Akwai masu ƙara maki a sakamako, akwai masu hayar takardar banki ta mako biyu, akwai masu kwafo labarin wani su ce naka ne. Kai kuwa za ka sa hannu a ƙasa cewa duk gaskiya ne, sa'an nan ka kawo mana ambulan ranar Lahadi mu yi addu'a a kai. Da wane baki za mu roƙi Uba ya sa albarka? Ko a wajen hukuma ma, wanda Ingila ta kama da takardar ƙarya a neman biza yana iya shan haramcin shekara 10. Kun kuma tuna ɗan jarida Umar Audu, wanda a ƙarshen 2023 ya fallasa yadda ya sayi digiri daga Kwatano cikin mako shida, har aka tura shi bautar ƙasa. A Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo, kuma har waɗanda suka yi karatun gaske abin ya shafa. Mu da jiharmu ke iyaka da Benin, ba labarin nesa ba ne.

Daniyel da abokansa sun yi shekara uku a makarantar Babila, sun koyi harshe da ilimin baƙi, ba su sayar da lamirinsu ba. Don haka ba ma hana kowa tafiya. Sai dai Ubangiji da kansa, a Luka 14, ya yi maganar mai ginin da ya kamata ya fara zama ya yi lissafi. Jamus ɗin da ba kuɗin makaranta tana so ka nuna Yuro 11,904 a asusu na musamman don abinci da ɗaki na shekara guda. Ka juya wannan zuwa naira kafin ka gaya wa mamarka ka samu. In ba tallafin karatu, irin su Commonwealth ko Chevening, wanda shi ma sai ka yi aikin shekara biyu, to wataƙila digiri na biyu a Sakkwato ko Zariya shi ne na bana. Mu ma da muke makarantar tauhidi, abokanmu da suka rubuta wa makarantun waje da hannunsu, wasu sai a karo na uku aka amsa musu.

Asabar mai zuwa bayan koyon waƙa za mu zauna a ajin makarantar Lahadi. Mai kwamfuta ya kawo, kowa ya zo da sakamakonsa na gaske da sunayen jami'o'i uku. Dattawa sun yarda a kunna janareta har ƙarfe shida.