Daga Ɗakin Ɓeraye Zuwa Gidan Banting

Na sauka Toronto da sanyin kaka, rigar da na taho da ita daga Kano kuwa ta zama kamar ban sa komai ba. 'Yar ƙanwata ce ta tarye ni. Tana karatun digiri na uku, aikinta kuma a kan ɓeraye ne, abin da ya sa 'yan gida suke tsokanarta da cewa ta je Kanada kiwon ɓera.

Ba a barin baƙo ya shiga inda dabbobin suke, don haka a ofis ta buɗe mini kwamfuta. Cutar da take bincike a kai ita ce safsis, wato lokacin da jiki ya tashi yaƙi da ƙwayoyin cuta har yaƙin ya koma yana cin gaɓoɓinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2017 ta kashe mutum miliyan 11. An fi maganar huhu da ƙoda, ita kuwa ta sa ido kan fankiriyas, wannan gaɓar da ke kwance bayan tumbi, mai samar da insulin da ruwan narkar da abinci.

Yadda ake jawo wa ɓera cutar ya sa tsigar jikina ta tashi. A sa masa maganin barci, a buɗe cikin, a ɗaure wani lungu na hanji, a huda shi da allura don ƙazanta ta ɗiga cikin ciki, sannan a ɗinke. Bayan wasu awanni sai a auna amilas da lifas a jini, a yanko fankiriyas a duba kumburinsa a madubin likita. Wasu ɓerayen a ba su maganin gwaji, wasu a bar su. An gwada abubuwa da yawa haka, daga melatonin zuwa sinadaran da ake tatsa daga tsirrai.

Na ce, to ai an kusa ke nan. Ta yi dariya, ta ce, "Kawu, mun sha warkar da ɓera." Ɓeran gwaji matashi ne mai ƙoshin lafiya, kuma sau da yawa ana ba shi magani tun cutar ba ta kama ba. Wanda ake kawowa asibiti kuwa dattijo ne mai ciwon sukari, ya kwana uku yana zazzaɓi a gida. Ta tuna mini da Xigris, maganin safsis da ya shiga kasuwa a 2001, aka janye shi a 2011 da gwaji ya kasa nuna yana rage mace-mace.

Ranar Asabar muka hau jirgin ƙasa zuwa Landan, ba ta Ingila ba, ta lardin Ontariyo, tafiyar awa biyu da 'yan kai. A can gidan Frederick Banting yake, mutumin da aikinsa a kan fankiriyas ya kai ga samun insulin. A ɗakin barcinsa ya farka cikin daren 31 ga Oktoba, 1920, ya rubuta dabarar ɗaure bututun fankiriyas na karnuka. A 1921 shi da Charles Best suka fara aikin a Toronto, kuma karnuka da dama sun mutu musu saboda ƙwayoyin cuta bayan tiyata. Wato dai abokiyar gabar 'yata ta riga ta ziyarci ɗakin nasu. Duk da haka, a Janairun 1922 aka yi wa Leonard Thompson, ɗan shekara 14 mai ciwon sukari, allurar insulin, ya farfaɗo. Daga kare zuwa mutum cikin watanni! Safsis ta ƙi irin wannan gajeriyar hanya, domin ba abu ɗaya jiki ya rasa ba balle a mayar masa.

A hanyar dawowa na tambaye ta me zan faɗa wa mutanen gida. Ta ce in gaya musu kada su jira ɓerayenta. Duk wanda zazzaɓi ya haɗa masa da saurin numfashi, ruɗewa ko ɗaukewar fitsari, musamman mai jego da jariri, a kai shi asibiti a ranar, a sa masa ruwa da maganin kashe ƙwayoyin cuta. To, jama'a, ga saƙonta na isar.