Tsire, Yaji da Hawan Jini

Mai karatu, idan likita ya ce ka rage gishiri, hankalinka kan tafi ga tukunyar gida. Akwai kuma gishirin da ba ya bi ta hannun uwargida.

A unguwar Gobarau, kusa da hasumiyar da ake dangantawa da zamanin Sarki Muhammadu Korau, akwai mai tsiren da ni da wani abokina ɗan unguwar muke zuwa wurinsa tun muna ɗalibai. Abokin nan yana shan maganin hawan jini ba fashi, amma awonsa ya ƙi sauka. A bakin tukuba na ga dalili: kowace tsoka sai ya dangwala ta a yaji, yajin kuwa cike yake da gishiri da magi. Ga diclofenac da yake sha don ciwon baya, wanda ke riƙe gishiri da ruwa a jiki, ya rage ƙarfin maganin hawan jini, ya kuma wahalar da ƙoda.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a rana, wato ƙasa da cokalin shayi guda.

Ban ce ka ƙaurace wa mai tsirenka ba. Ka ce ya ware yaji gefe, ka zaɓi marar kitse, ka yawaita albasa da tumatir. Ranar ganin likita kuma, ka tattaro duk magungunan da kake sha, har da na kyamis, ka nuna mana.